Arba'in Aka Dasa

Ran uku ga Agusta suka zo lakwal ɗinmu ta Zariya,
motoci huɗu da mai ɗaukar hoto.
Kowane babba ya karɓi sabon shebur,
ya zuba ƙasa sau uku, aka tafa.
Kafin azahar ba kowa a filin
sai ni, Nomau mai gadi,
da ƴan itace arba'in
kamar baƙin da aka manta a tasha.

Da la'asar sakaliya na bi su ɗaya-ɗaya.
Tara an binne su da ledarsu,
saiwa ta naɗe a ciki kamar gammo.
Na tone, na tsaga leda da reza,
na warware saiwar da yatsa, a hankali,
yadda ake kwance wa yarinya kitso.
Wasu an cusa su har wuya.
Na ɗago su. Itace ba gawa ba ne,
inda ƙasar leda ta tsaya masa, nan za ka tsaya.

Rami kamu ɗaya, faɗi kamu ɗaya.
Taki kuwa wanda ya kwana biyu ya huce,
ɗanyen kashin shanu wuta ne.
Ban karanta wannan ba,
a fadamar gulbi na gani,
shekara goma ina ja wa wani guga.

Damina uwa ce, kowa ɗa ne a gabanta.
Sai ta ɗauke ake sanin mai rai.
Gara ta fara, ta ci mangwaro shida daga ƙasa,
ganye kore a sama, ciki fanko.
Na bi sauran da tokar murhun Cima.
Awakin unguwa suka ɗauki nasu,
akuya ba ta san ranar ƴancin kai ba.
Na sari ƙayar magarya na yi shinge,
da ƙaya ta ƙare na jera fasassun bulo.

Watan Afrilu famfo ya yi shiru kwana sha tara.
Bido biyu a amalanke, dala biyar-biyar,
daga aljihun da ba shi da nauyi.
Cima ta ce, "Malam, itacen gwamnati ne fa."
Na ce gwamnati ba ta san sunansu ba.
Na binne tsofaffin tuluna a gindin ƙanana,
in cika, in rufe da sakaina,
tulu ya riƙa tsatsafa musu cikin dare.
Na lulluɓe ƙasa da karan hatsi
don kada rana ta sha kafin su sha.

Akwai wata tsamiya bayan ajin Mushe Lawali,
ta zubar da komai, ta koma tsinke.
Wata biyu ina ba ta ruwan alwalata,
ba don na sa rai ba, hanya ce ta bi ta nan.
Ran wata Talata na duƙa ɗaure takalmi,
sai ga toho uku, ja-ja,
kamar kunnen ɓera.
Ban gaya wa kowa ba sai da ya kwana bakwai.

Sha bakwai suka ga wata damina:
bedi goma, gawo biyu, mangwaro huɗu, da ita.

Bana ma sun dawo, motoci biyar.
Aka haƙa sababbin ramuka a bakin tsofaffi,
aka tsaya hoto a gaban bedina
don sun fi kyau a ido.
Wani mai tabarau ya tambaye ni abin da nake bukata.
Na ce tano ɗaya da tiyo.
Ya rubuta.

Jiya da aka tashi tara,
na hangi Sahiya, ƴar aji biyu,
ta sha ruwan gorarta, ta rage kaɗan,
ta waiga ko ana kallo,
ta tsiyaye wa tsamiya sauran.
Na juya baya, na ci gaba da shara.